Ranar da Ayyub Ya Sha Ƙwayarsa a Gaban Kakana

Ku gyara zama, 'yan uwana masu bin labarin nan, don abin da na kawo muku yau ni kaina in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Wadda ta shigo yanzu kuma, sannu da zuwa. Ni ce Shakira, 'yar Salaga, jikar Alhaji Mutala mai goro, ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya a Yendi. Wanda ya hana zuciyata sakat sunansa Ayyub, ɗan Bawku, ajinmu ɗaya.

Ba kyau ne ya fara jan idona gare shi ba, ko da yake ta nan ma Allah bai rage shi ba. Ƙafarsa ce. In mun haɗu da sassafe wurin mai koko, ƙafar nan rawa take kamar ta tela a kan keke. Zai ɗauko magana bai dire ta ba ya kama wata, ya tafi ya bar ƙosansa, ya dawo ya ɗauki na wani. Amma kafin malami ya shigo aji sai ki ga wani mutum daban zaune a kujerarsa, shiru, ido a kan allo, hannu yana rubutu a nutse. Ni kuwa da shegen son sanin ƙwaƙwaf, wata rana na tare shi na ce ya faɗa mini, su biyu ne ko shi kaɗai ne.

Dariya ya yi, ya ciro wani ɗan kwali daga aljihu.

"Tun ina yaro a Bawku kowa ya ce aljani ne," in ji shi. "Malam ya doke ni, Baba ya doke ni, Mma ya yi kuka har ya gaji."

Ku yi haƙuri da Hausar Bawku, a wurinsu mace da namiji duk "ya" ne. Ya ce sai da ya girma wani dokita a Tamale ya zaunar da shi, ya yi masa tambayoyi kamar ba za a gama ba, sannan ya ce ba aljani ba ne, ba kuma iskanci ba ne, halittar ƙwaƙwalwarsa ce ba ta riƙe hankali wuri ɗaya. Ya rubuta masa ƙwaya, 'yar fara, ba ta kai ƙwayar masara ba, guda ɗaya kowace safiya. Duk wata yana komawa a auna jininsa da nauyinsa, saboda abin yana kashe yunwa. In ya sha, ko me kika ajiye masa sai dai ya kalla, sai bayan magariba cikinsa yake tuna cewa shi ciki ne.

Na karanta irin wannan a littafi, amma gani ya kori ji. Na sha zama kusa da shi ina kallon yadda ƙafar nan take lafawa a hankali, ina mamakin ikon Allah da ya ɓoye nutsuwar mutum guda a cikin abin da kaza za ta haɗiye ba ta sani ba. A wannan kallon ne na faɗa, kuma ban yi nadama ba.

Matsalar ta zo ne da jarrabawa. Ban san wanda ya fara yaɗa cewa akwai "ƙwayar karatu" ba, sai ga rabin ajinmu suna bin Ayyub kamar mai rabon zakka. Har da Rukaya, 'yar Walewale, wadda muke ɗaki ɗaya da ita.

"Cale, abokina, guda ɗaya kawai," ta ce masa a gabana. "Kai kana sha kana cin jarrabawa, mu ka bar mu mu faɗi?"

"Ba nawa ba ne da zan ba ki," ya ce. "Dokita ya auna ni ya rubuta. Ke ba a auna ki ba."

Ta yi fushi, ta je ta samo a hannun wani a tasha. Abin da na gani a ɗakinmu ba zan manta ba. Rukaya ta kwana biyu ido tarwai, ba ci ba barci, leɓe a bushe, tana ja wa shafi ɗaya layi da jan biro har takardar ta huje, tana cewa duk littafin ya shige kanta. Ranar jarrabawa hannunta ya ƙi riƙe biro, zuciyarta na bugu har ana gani ta saman riga, ta miƙe za ta nemi ruwa ta zube. Allah ya sa mu 'yan jinya ne, kuma asibiti na kusa. Ta warke, amma jarrabawar ta wuce ta.

Kafin yamma labari ya cika Yendi cewa ɗan Bawku ne yake raba wa 'yan mata ƙwaya. Rukaya ta rantse ba shi ba ne, amma wa yake sauraron rantsuwa in gulma ta yi daɗi? Kawuna Mumuni, ƙanen mahaifiyata, yana sayar da doya a kasuwar Yendi. A nan ya tsinci maganar, bai ko tambaye ni ba ya buga waya gida.

Saƙon muryar Mama na nan a wayata har yanzu.

"Shakira, abin da kawunki ya gaya mini gaskiya ne? Duk samarin Salaga ba ki ga na so ba sai ɗan ƙwaya? Yaran nan da ke layi a tasha su ma da guda ɗaya suka fara. Tun da ubanki ya rasu nake tattalinki, ba don wannan ba."

Na kira, na yi bayani, na yi kuka, ta ce ƙwaya dai sunanta ƙwaya. Kakana ne ya raba gardamar, don shi ne waliyyina. Ya karɓi wayar ya ce, "Amaryata, daina kuka. Ni ban taɓa sayen goro a ɗaure ba, sai na kwance huhun na gani. Ki ce masa ya zo Asabar, shi kaɗai."

To, a gidanmu duk mai neman 'ya ƙofa biyu yake bi. Ta farko zauren Alhaji. Za ka zauna tun hantsi yana tsince goronsa, yana fitar da mai sankara, wato wanda tsutsa ta ci, ba zai ce maka uffan ba sai ya ga dama. Zamanka yake karantawa. Ta biyu kwanon Mama. Bayan azahar za ta aiko da sakwara, kuma wanda ya rage abincinta, a wurinta ya raina gidan. Wani malamin makaranta da ya nemi yayata a nan ya faɗi, don ya ce wai ba ya cin abu mai nauyi da rana. Kun ga inda aka sa Ayyub. In ya sha maganin zai iya zaman, ba zai iya cin ba. In bai sha ba zai share kwanon, amma zaman fa?

Ranar Juma'a da yamma muka yi ta musayar saƙo.

Na rubuta: "Ka sha tun asuba, in abinci ya zo ka daure ka tura."

Ya amsa: "Ba zai wuce ba. Kin sani."

"To ka sha dai. Zaman Alhaji ba wasa ba ne."

"Mma naki ya ce ni ɗan ƙwaya ne. Bari ya gan ni ba ƙwaya."

"Dokita ne ya ce ka bari?"

Sai ya turo mini hoton fuska mai dariya, ya kashe data. Namiji kenan, in taurin kai ya motsa.

Asabar tun da safe gidan ya kaure. An kawo sabuwar doya daga Kpandai, an yanka zabi biyu, miyar gyaɗa tana tafasa a murhun tsakar gida. Mama ta ɗaura zanen aiki a kan doguwar rigarta, fuska ba annuri, amma ta zaɓi doyar da ta fi kowace gari, don ko maƙiyinta ba ta yi wa girkin ganin dama. Ni na sa atamfata ruwan goro, ɗinkin riga da siket, na yafa farin mayafi mai ƙananan duwatsu, ga lallen da na kwana da shi ya kama ja wur. Duk wannan kwalliyar kuma a ɗakin ajiya ta ƙare, don nan ne akwai 'yar taga mai kallon zaure. Na hau buhun masara na leƙa.

Alhaji na kan buzunsa, ya kwance huhun goro a gabansa, ganyen na sheƙi da ruwan da ya yayyafa. Kawu Mumuni ma ya taso takanas daga Yendi, ya harɗe a gefe yana jiran ganin ƙarshen ɗan Bawku. Sai ga sallama. Ayyub ya shigo cikin batakari, rigar saƙi mai ratsin baƙi da fari, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gaida su yadda ya kamata. Na ce a raina, madalla. Alhaji ya nuna masa tabarma, ya koma kan goronsa.

Ba a jima ba ƙafar ta fara. Ya danne ta da hannu, ɗayar ta karɓa. Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Ya hango tsohon sikelin da ke rataye a bango ya ce, "Baba, wannan na yaushe ne?" Alhaji ya buɗe baki zai amsa, shi kuwa har ya koma tambayar rijiyar da ya gani a hanya. Ya tuna inda yake, kunya ta rufe shi. Ya gyara zama, gwiwarsa ta ture ƙwaryar ruwan yayyafi, ruwa ya malale har bakin buzun Alhaji. Na rufe ido, na ce shi ke nan, tawa ta ƙare.

"Baba Alhaji, kun gani ko?" in ji Kawu. "Abin ne yake cinsa. Haka suke in ba su samu ba."

Alhaji ko kallonsa bai yi ba. Ƙafar Ayyub ya zuba wa ido, goro ɗaya a hannunsa ya manta da shi. Ban taɓa ganin irin wannan kallon a fuskar kakana ba.

"Yaro," ya ce a hankali, "tun yaushe ƙafar nan take haka?"

"Tun da na san kaina, Baba."

"In ana maka magana, kana kama farkon, ƙarshen ya ɓace maka?"

"Haka ne, Baba."

"In an aike ka, tsuntsu ya gifta, sai ka bi tsuntsun."

Ayyub ya ɗago kai ya dube shi da mamaki. "Wa ya gaya muku, Baba?"

"Zainudeen," in ji Alhaji.

Sunan da ban taɓa ji a gidanmu ba kenan. Alhaji ya ajiye goron, ya nuna ginshiƙin da ke tsakiyar zauren, wanda muka taso muna zagayawa muna wasa.

"Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Da taɓawa kawai yake gane goro mai sankara, ya fi ni nesa ba kusa ba, amma bai taɓa zama ya gama huhu ɗaya ba. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi bulala. Da abin ya ƙi, mahaifinmu ya sa a ɗaure shi a nan, ni ake sawa in tsare shi. Wata rana aka kwance shi aka aike shi rijiya. Wasu sun ce sun gan shi a Yeji yana shiga jirgin ruwa. Har uwarmu ta rasu tana ajiye masa tuwon dare."

Ƙarar taɓarya na tashi daga cikin gida. Kawu ya sunkuyar da kai.

"Ina maganin?" in ji Alhaji.

Ayyub ya ciro kwalin, ya miƙa da hannu biyu. Alhaji ya sa ya ɓallo masa guda, ya ɗora ta a tafin hannunsa kusa da wani ƙaton farin goro, ya daɗe yana duban su.

"Wannan ɗan abin?"

"Shi ne, Baba."

"Kakanninmu da goro suka taka daga nan har Kano. Yana korar barci, yana korar yunwa. Wanda ya zarce kima kuma, hannu ya yi rawa, zuciya ta yi bugu. Yarinyar da aka ce ta faɗi, irin ciwonka gare ta?"

"A'a Baba, lafiyarsa ƙalau. Ya roƙe ni, na hana shi. Wani wuri ya samo."

"Ta sha maganin ciwon da ba ta da shi kenan." Ya miƙa masa ƙwayar. "Kai kuma mai ciwon ka bar naka a aljihu don ka burge mu. Mumuni, ba shi ruwa. Sha a gabana."

Ayyub ya waiga wajen ƙofar cikin gida, inda taɓarya take sauka a turmi. Na san abin da yake tunani, don ni ma shi nake tunani. Ya yi bismillah ya haɗiye.

'Yan uwa, ban san yadda zan kwatanta muku zaman da ya biyo baya ba. Tsoho mai shekara kusan casa'in ya bar goronsa, ya bar carbinsa, ya zauna yana kallon ƙafar wani saurayi kamar mai jiran ganin wata. Rana ta matsa daga bakin ƙofa zuwa gefen tabarma. Ƙafar tana rawa, tana rawa, sai ta fara tsallake bugu. Ta tsaya, ta ɗan motsa, ta sake tsayawa. Kafaɗunsa suka sauka. Idonsa da ke yawo a bango ya dawo ya zauna a fuskar Alhaji. Na sha ganin wannan a aji, amma ranar ji na yi kamar ban taɓa gani ba, har na kama kaina ina salati a kan buhun masara.

Alhaji ya tura masa huhun da ƙafa. Ayyub ya naɗe hannun batakarinsa. Sau ɗaya aka nuna masa yadda ake gane ɗan ramin tsutsa, ya shiga ɗauka yana juyawa, mai kyau dama, mai sankara hagu, fari da fari, ja da ja. Bai ɗago ba, bai tambayi sikeli ba, har sai da yatsunsa suka taɓa ganyen ƙasa. Ladan ya kira azahar daidai lokacin da ya ajiye na ƙarshe.

Alhaji ya ɗora tafin hannunsa a kan gwiwar Ayyub, ya bar shi a nan. Hawaye na bin gemunsa bai share ba.

"Ashe abin da ake nema bai kai ƙwayar masara ba," ya ce. "Allah mai iko. Da ya zo da wuri, da ba a sayi igiya ba."

Na yi kuka a ɗakin ajiya har kwallina ya ɓata mayafin, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Da suka dawo daga masallaci aka shigo da ƙofa ta biyu. Sakwara ce fara sol, malmala uku a babban kwanon Mama mai murfi, miya na tururi, cinyar zabo a sama. Ayyub ya wanke hannu, ya yanko loma, ya kai baki. Na ga yadda ya yi ta juya ta kafin ta wuce. Ya ƙara wata, gumi ya keto masa a goshi. Ya yanko wata kuma, hannun ya tsaya a hanya. Kwanon ko alamar an taɓa shi bai yi ba.

Kakana tun da nake bai taɓa haɗa kwano da kowa ba. Nasa daban ake kai masa, ɗan tuwo mai laushi, a ɗakinsa. Sai na ji ya ce, "Miƙo mini ruwan wanke hannun nan." Ya matso da buzunsa, ya jawo kwanon tsakiya, ya yanki sakwara kamar saurayi.

"Ni na sa ka sha, ni zan taya ka biya," ya ce. "Mumuni, matso mana. Ko kai ma ka sha ƙwayar ne?"

Kawu ya matso yana murmushin dole. Kafin wani lokaci kwanon ya koma fes.

Na sauko daga kan buhun ina share fuska, na juya, sai na yi karo da mutum. Mama ce tsaye a bayana, zanen aikinta duk dabbaren doya. Ban san tun yaushe take nan ba, amma idonta ya yi ja, kuma ba hayaƙin murhu ba ne.

"Ba shi ya ci ba," ta ce.

"E, Mama."

"Tun da aka kawo ni gidan nan nake kai wa Alhaji abinci, bai taɓa gaya mini yana da ƙane ba." Ta murza bakin zanenta. "Shi wannan ɗin, yaushe yunwar take dawo masa?"

"Sai bayan magariba."

"Motar Yendi ta ƙarshe da la'asar take tashi."

Na ji tsoron kada numfashina ma ya ɓata abin. Ba saurayin da ya taɓa kwana a gidanmu, ko mijin yayata sai bayan an ɗaura.

"Ɗauki tsintsiya ki share ɗakin baƙi," in ji Mama. "In kin gama ki fere mini doya biyu, zan sake daka wata." Ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba. "Kada ki yi mini wannan murmushin, ban ce na yarda ba. Kakanki ya ga zamansa da idonsa. Ni ma sai na ga cinsa da nawa."